Hoton Bayan Ido: Yadda Ake Gano Ɓarnar Ciwon Suga Tun Gani Bai Dushe Ba

"Ai ni idona ƙalau yake, ko tabarau ba na sawa." Wannan ce amsar da ma'aikatan lafiya suka saba ji idan suka ce wa mai ciwon suga ya je a duba masa ido. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Yana karatun Alƙur'aninsa, yana ƙirga kuɗinsa, yana gane mutum tun daga bakin layi. Sai dai ciwon suga yakan shafe shekaru yana ɓarna a can ƙuryar ido, mai idon bai sani ba. Babu zafi, babu ƙaiƙayi, idon bai yi ja ba. Ranar da gani ya fara dushewa, sau da yawa ɓarnar ta riga ta yi nisa.

A ƙididdigar da Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta fitar a 2021, manya miliyan 537 ne ke da ciwon. Miliyan 24 daga cikinsu suna Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Masu bincike sun kiyasta cewa a 2020 mutum kusan miliyan 103 a duniya ciwon ya riga ya taɓa musu bayan ido. Abin da ya sauya lamarin a 'yan shekarun nan shi ne hoto. Yanzu ana iya ɗaukar hoton cikin ido a 'yan mintoci, a ga ɓarnar tun tana ƙarama. Amma hoton ya zo da wata tambaya da likitoci suka daɗe suna bibiya: shin abin da na'ura ta nuna ya yi daidai da abin da mai ido yake gani?

Abin da suga ke yi a bayan ido

A bangon ƙwayar ido ta ciki, can baya, akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira ratina. Shi ne ke karɓar hasken da ya shigo, ya mayar da shi saƙo, jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai ɗan wurin da faɗinsa bai kai milimita 6 ba, sunansa makula. Da wannan ɗan wuri ake karatu, ake zura zare a allura, ake gane fuska. Sauran tantanin na ganin gefe ne da ganin dare.

Tantanin yana cin iskar oksijin sosai, don haka cike yake da ƙananan jijiyoyin jini da suka fi gashi siranta. Idan suga ya daɗe yana hawa a jini, bangon waɗannan jijiyoyi yakan yi rauni. Wasu su yi 'yan ƙulle-ƙulle, wasu su fara yoyon jini da ruwa da kitse, wasu su toshe ɗungurungum. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Ta farko ita ce kumburi. Ruwan da ke tsattsafowa ya taru a makula, wurin ya kumbura. Rubutu ya yi hazo-hazo, miƙaƙƙen layi ya karkace. Wannan shi ne babban abin da ke rage wa masu ciwon suga gani.

Ta biyu ta fi muni. Sassan da jini ya daina isa sukan saki wani sinadari da ake kira VEGF, wanda ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Waɗannan jijiyoyi ba su da ƙwari. Rana ɗaya sai ɗaya ta fashe, jini ya malala cikin ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar ido, mutum ya wayi gari yana ganin baƙin abu na yawo, ko ya daina gani gaba ɗaya. Idan suka yi tabo, tabon kan ja tantanin ya ɗaye daga bangonsa. Abin tsoron shi ne, mutum zai iya kai wa bakin wannan mataki yana karanta layin ƙarshe na allon gwajin ido, saboda ɓarnar tana gefe, ba ta kai makula ba. Tantanin ba shi da jijiyar jin zafi da za ta yi gargaɗi, kuma idan ido ɗaya ya samu matsala, ɗayan yakan rufa masa asiri.

Daga madubi zuwa kyamara

Bayan ido ne wurin da likita zai kalli jijiyoyin jinin mutum kai-tsaye ba tare da ya tsaga fata ba. Hermann von Helmholtz, wani masani Bajamushe, ya buɗe wannan ƙofa a 1851 da ya ƙera madubin leƙa cikin ido. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka, Eduard Jaeger a Biyana ya bayyana tabon da ya gani a idon mai ciwon suga. A wancan zamani da hannu ake zana abin da aka gani. Zuwan kyamara ya sa aka samu abin adanawa, a kwatanta na bara da na bana, a kuma aika wa ƙwararre da ke wani gari.

Ɗaukar hoton ba wuya. Mutum zai zauna, ya ɗora haɓa a kan wani ɗan marfi, ya jingina goshi, ya kalli ɗigon haske. Walƙiya ɗaya ko biyu, an gama da ido ɗaya. Sau da yawa akan fara ɗiga magani don ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido ta buɗe. Maganin yana ɗan yin yaji, yana sa gani ya yi dishi-dishi na wasu sa'o'i, don haka ba a so mutum ya tuƙa mota ko babur bayansa.

Abin da zai fito a fuskar kwamfuta da'ira ce ja mai ratsin ruwan lemo. A gefe ɗaya akwai wani farin faifai, nan ne jijiyar gani ta fita. Daga cikinsa jijiyoyin jini suka fito suka yi rassa, suka kewaye wani wuri mai ɗan duhu a tsakiya, wato makula. A lafiyayyen ido filin tas yake. A idon da suga ya taɓa, za a fara ganin jajayen ɗigo ƙanana, sai ɗan jini nan da can, sai wasu ɓarɓashi rawaya masu sheƙi, wato kitsen da ya tsiyaye, sai fararen tabo masu laushi inda jini ya yanke. Mai karanta hoton yana duba yawansu, da inda suke, da kusancinsu da makula.

A 1968 ƙwararru suka taru a Airlie House da ke jihar Bajiniya ta Amurka suka fara tsara matakan cutar bisa hoto. Daga baya babban binciken ETDRS na shekarun 1980 ya gyara tsarin, aka dogara da hotuna bakwai na kowane ido, waɗanda ke nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na tantanin. Kyamarori masu faɗin gani na yanzu suna ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 a ɗauka ɗaya. Da su ne masu bincike a Cibiyar Joslin ta Boston suka nuna cewa idon da ɓarnarsa ta fi yawa a can gefe ya fi saurin tsananta.

Hoto mai launi ba ya nuna inda jini ya daina gudana. Wannan giɓi wasu ɗaliban likitanci biyu a Jami'ar Indiyana, Harold Novotny da David Alvis, suka cike, suka wallafa aikinsu a 1961. Ana yi wa mutum allurar wani rini rawaya a jijiyar hannu, cikin 'yan daƙiƙoƙi rinin ya isa ido, a yi ta ɗaukar hoto yana ratsa jijiyoyi. Inda ke yoyo ya yi fari fat, inda ya toshe ya zauna baƙi. Fata da fitsari sukan yi rawaya na ɗan lokaci, wasu kuma zuciyarsu ta ɗan tashi.

Na'urar da ke auna kauri

A 1991, David Huang da James Fujimoto da Eric Swanson da abokan aikinsu a jami'ar MIT suka bayyana wata dabara da aka fi sani da OCT. Ana aika haske marar lahani cikin ido, na'ura ta auna yadda yake dawowa daga kowane zurfi, ta zana tantanin ta gefe, a ga hawa-hawansa ɗaya bisa ɗaya. Ba allura, ba taɓa ido. A 2023 aka ba su ukun lambar yabo ta Lasker saboda wannan aiki.

A wannan hoto, lafiyayyar makula shimfiɗaɗɗun layuka ce, fari da toka-toka, da ɗan kwari a tsakiya. Kaurin tsakiyar kusan rubu'in milimita ne. Idan ruwa ya taru, kwarin ya shafe, wurin ya yi tudu, a ga baƙaƙen ramuka cike da ruwa a tsakanin layukan. Na'urar tana ba da kaurin da lamba, don haka likita zai iya cewa watan jiya kaza ne, yau kaza ne. Wajen 2015 aka fara amfani da wani sabon nau'inta da ke nuna gudanar jini a ƙananan jijiyoyi ba tare da rini ba, ko da yake shi ba ya nuna yoyo.

Me ya sa hoto da gani ba sa tafiya tare?

Da aka samu lamba, sai aka yi zaton an samu ma'auni: kumburi ya ƙaru, gani ya ragu, kumburi ya sauka, gani ya dawo. Ashe lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. A 2007, wata haɗakar asibitocin ido ta Amurka mai suna DRCR ta kwatanta kaurin makula da layukan da marasa lafiya ke iya karantawa. Alaƙar tana nan, amma tsaka-tsaki ce. Kauri bai bayyana fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin gani tsakanin mutane ba. An samu mai babban kumburi yana gani garau, an samu mai ɗan kumburi ba ya iya karatu. An ma ga waɗanda kumburinsu ya sauka bayan magani amma ganinsu ya ragu.

Dalili shi ne ruwa ba ya gani, ƙwayoyin halitta ne ke gani. Idan ambaliya ta kwana ɗaya a gona ta janye, shuka za ta miƙe. Idan ta yi makonni, ko ruwan ya janye saiwa ta riga ta ruɓe. Haka makula take. Tambayar ita ce wane hali ƙwayoyin da ke ƙarƙashin ruwan suke ciki, kuma tun yaushe suke cikinsa.

Shi ya sa likitoci suka koma duban tsarin layukan. Akwai wani layi mai haske can ƙasa, daidai inda ƙwayoyin karɓar haske suke. Idan yana nan a miƙe, akwai kyakkyawan zaton gani zai dawo. Idan ya yayyanke, zaton ya ragu. A 2014 Jennifer Sun da abokan aikinta a Joslin suka nuna cewa idan layukan sama na tsakiyar makula suka cakuɗe har ba a iya bambance iyakokinsu, gani yakan yi rauni, kuma ƙaruwar cakuɗewar ko raguwarta tana nuna inda ganin zai dosa nan gaba. Ta waɗannan layuka ne saƙo ke bi daga masu karɓar haske zuwa jijiyar gani.

Sai kuma batun jini. A tsakiyar makula akwai ɗan fili da ba shi da jijiyar jini tun asali. Idan jijiyoyin da ke kewaye da shi suka toshe, filin ya faɗaɗa, gani ya ragu ko da babu kumburi. Irin wannan ido ma makularsa takan fi ta lafiyayyen ido siranta, lambarsa ta yi kyau a takarda alhali ƙwayoyinsa sun mutu. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana dawo da waɗannan jijiyoyi.

Shi kansa allon haruffa ba ya auna komai da komai. Baƙin harafi ne a kan farin allo cikin ɗaki mai haske. Mai ciwon suga zai iya karanta shi tsaf, amma da magariba ya kasa gane bakin kwata, ko ya fito daga rana ya shiga zaure ya daɗe bai gane wanda ke zaune ba. Idan majinyaci ya faɗi irin wannan, bayani ne da ya kamata likita ya ɗauka da muhimmanci.

Wannan fahimta ta taɓa yadda ake magani. A wani binciken DRCR da aka wallafa a 2019, an ɗauki mutum 702 masu kumburi a tsakiyar makula amma ganinsu na da kyau. Wasu aka fara musu allurar magani a cikin ido nan take, wasu aka yi musu aiki da hasken leza, wasu aka sa musu ido kawai, sai gani ya fara raguwa a yi musu allura. Bayan shekara biyu ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin rukunonin uku. Wato ba duk kumburin da na'ura ta nuna ne ke bukatar allura a ranar ba, matuƙar mutum zai riƙa dawowa ana bibiya. Hoto na faɗin halin da tantani ke ciki, allo da bakin majinyaci na faɗin yadda yake aiki, likita kuma ya haɗa biyun ya yanke shawara.

Amfanin ganowa da wuri

Da babu magani, da ɗaukar hoto bai da wata fa'ida. Amma akwai. Tun shekarun 1970 bincike ya nuna cewa ƙona gefen tantanin da leza yana rage haɗarin mummunar makanta da kusan rabi ga masu sababbin jijiyoyi, duk da yana ɗan rage ganin gefe da na dare. Ga kumburin makula kuwa, allurar da ake yi a cikin ido don daƙile VEGF ita ce kan gaba yanzu. Amurka ta amince da maganin ranibizumab don wannan aiki a 2012, aflibercept a 2014, kuma a ƙasashe da yawa ana amfani da Avastin saboda sauƙin kuɗinsa. Allurar ba sau ɗaya ba ce, akan maimaita ta wata-wata da farko. Idan jini ya cika ido ko tantani ya ɗaye, sai tiyata.

Tushen maganin dai yana jini. Binciken DCCT na 1993 ya nuna cewa masu nau'in farko na ciwon da suka tsare sugansu sosai, haɗarin kamuwa da ciwon bayan ido ya ragu musu da kashi 76 cikin 100. Binciken UKPDS na Birtaniya a 1998 ya nuna amfanin saukar da hawan jini ga masu nau'i na biyu. A wannan binciken, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mahalarta an same su da alamar ɓarna a ido tun lokacin da aka gano musu ciwon.

Ingila ta nuna abin da tsari zai iya yi. A 2003 ta fara gayyatar duk mai ciwon suga daga shekara 12 zuwa sama a ɗauki hoton idonsa, shirin ya game ƙasar a 2008. Ba likitocin ido ke ɗaukar hoton ba, ma'aikata ne da aka horar, sai wanda aka ga matsala a tura shi asibiti. Alƙaluman 2009 zuwa 2010 sun nuna cewa, karo na farko cikin aƙalla shekara 50, ciwon suga ya sauka daga matsayin babban sanadin makanta ga masu shekarun aiki a Ingila da Wales.

Kwamfuta ta fara karatu

Miliyoyin hotuna na bukatar masu karantawa, su kuwa ba su da yawa. A 2016 masu bincike na Google suka horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira da hotuna sama da 128,000 daga Amurka da Indiya, ta kuma yi kafaɗa da kafaɗa da likitoci wajen gane cutar. A Afrilun 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da manhajar IDx-DR, wadda Michael Abramoff na Jami'ar Iowa ya jagoranci ƙirƙirarta, ta riƙa ba da sakamako ba tare da likita ya duba hoton ba.

Amma da aka kai manhajar Google ƙananan asibitoci 11 a Tailan, sai ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan, galibi saboda ɗakunan ba su da duhun da ake bukata, ga jinkirin intanet. A Ruwanda kuwa, wani bincike da ƙungiyar Orbis ta shiga ciki ya gano cewa waɗanda aka ba sakamako nan take sun fi zuwa ganin likitan ido fiye da waɗanda aka ce su jira. Gani ya kori ji. Mutumin da aka nuna wa ɗigon jini a hoton idonsa, ba sai an yi ta lallashinsa ba.

Mu a ina muke?

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, a kan 'yan shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kusan rabin waɗanda aka samu da ciwon suga ba su san da shi ba, kuma yanar ido ce babbar mai makantar da mutane. Abubuwan biyu suna da alaƙa. Suga na gaggauta fitowar yana, yana kuma takan tare kyamara, ta ɓoye ɓarnar da ke bayanta. Wani za a cire masa yana, a yi aiki mai kyau, amma gani bai dawo yadda ya zata ba, saboda makula ta riga ta taɓu. Wani kuma hawa da saukar suga ke sa ganinsa canzawa, ya sayi tabarau a kasuwa, ya ji daɗi na 'yan makonni, bayan idon kuwa ba wanda ya leƙa.

Manyan wuraren kula da ido, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da na Makka a Kano, da asibitocin koyarwa, duk a birane suke. Mai ciwon suga na ƙauye sai ya yi kuɗin mota da na kwana kafin ya kai. Mafita ita ce a kai kyamara inda masu ciwon suke taruwa, wato ɗakin da suke zuwa awon suga da karɓar magani. Akwai ƙananan kyamarori na hannu, har da masu aiki da wayar salula, kuma ma'aikacin jinya zai iya koyon ɗauka. Sai dai dole gwamnatocin jihohi su haɗa da hanyar tura majinyaci, da leza, da allura mai rangwame. Gano cuta ba tare da magani ba ƙarin damuwa ne kawai.

Ga mai karatu kuwa, ƙa'idar a fili take. Mai nau'i na biyu, wanda shi ne mafi yawa a cikin manya, a duba masa bayan ido da zarar an gano ciwon. Mai nau'in farko, cikin shekara biyar da farawa. Daga nan sau ɗaya a shekara, ko yadda likita ya tsara. Mace mai ciwon suga da ta samu juna biyu ta je tun watannin farko, domin ciki na iya tsananta ɓarnar. Wanda ya ga baƙin abu na yawo kwatsam, ko wani sashe na ganinsa ya rufe, kada ya tsaya ɗige-ɗige ko tsarin gida, ya nufi asibiti a ranar.

Awon tabarau daban, duba bayan ido daban. Idan kana da ciwon suga, ko mahaifiyarka, ko maigidanki, ku je asibitin ido ku faɗa da bakinku: "Ina da suga, bayan idona nake so a duba." Ku je tun kuna gani garau, domin a lokacin ne magani ya fi aiki.